Sharhi a kan Sunan Ƙasidar "Tunkuyau" ta Alhaji Umaru na Karaci

1.0 Gabatarwa

Alhaji Umaru haifaffen Kano ne, ya zauna Salga, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934. Ya rubuta ƙasida da Larabci a kan annobar murar 1918, amma ya raɗa mata sunan Hausa, wato "Tunkuyau". Wannan takarda za ta dubi sunan ne kawai.

2.0 Ƙirar Kalmar

Kalmar ta fito daga aikatau "tunkuya" da ɗafa-ƙeyar -au, kamar yadda "sanƙarau" ta fito daga "sanƙare". Ke nan an siffanta cutar da rago mai tunkuyi. Rago ba ya tambayar asalin mutum ko dukiyarsa. Wanda ya tsaya gabansa shi yake kai wa karo.

3.0 Jigo

A nan tarbiyyar sunan take. Mai hankali ba ya tsayawa gaban rago da sunan tawakkali, kaucewa yake yi. Haka aka gani a Maris 2020, lokacin da aka rufe masallatai saboda korona, Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan matakin. Sai dai sunan yana da rauni. Rago daga waje yake zuwa, annoba kuwa ta hannun ɗan'uwa take shigowa. A Nima da Maamobi, inda iyalai da dama suke gida ɗaya, ina mutum zai kauce?

4.0 Aiki

Ɗalibi ya tattauna: mene ne haƙƙin maƙwabci idan gaishe shi zai cutar da shi?