Tuffa Mai Karamel: Kwalliya Na Neman Danne Ɗanɗano

Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗewa zuwa ja da ruwan ɗorawa a arewacin Amurka, masu gonakin tuffa kan buɗe ƙofa ga iyalai su shigo su tsinka da hannunsu, su biya kuɗin abin da suka ɗiba. Yara ba su san ƙoshi ba a gindin bishiya, don haka akan koma gida da kaya fiye da abin da za a iya ci ɗanye. Wani kaso a gasa shi cikin fulawa, wani a matse ruwansa, wani kuma a soke shi da tsinke a tsoma a narkakkiyar alewar sukari da madara da bota, wadda ake kira karamel. Wannan na ƙarshen shi ne kayan daɗin kaka a ƙasar, har ranar 31 ga Oktoba, ranar bikin Halloween, ake ɗauka a matsayin ranarsa.

A 'yan shekarun nan kuwa abin ya sauya kama. Wanda ya leƙa Instagram ko TikTok a wannan lokaci zai ga tuffar da aka tsoma a karamel, aka sake tsoma ta a baƙin cakulan, aka zizara mata fari, aka mirgina ta a cikin dakakken biskit na Oreo da alewar M&M's, aka barbaɗa mata ƙyalƙyali, sannan aka naɗe ta a leda aka ɗaure da zare mai launi. Shaguna irin su Rocky Mountain Chocolate Factory, wanda ya faro a garin Durango na jihar Kolorado a 1981, sun daɗe suna jera irinta a bayan gilashi, kuma akwai waɗanda nauyinsu ya haura rabin kilo. Yanzu masu girki a gida ma su suke kwaikwayo. Irin wannan tuffa ba ta gatsuwa, sai an kawo wuƙa da faranti. Ta yi kyau a hoto, babu musu, amma duk wanda ya ci ya san cewa a loma ta uku zaƙi ya gundure shi, ita kuma tuffar da aka taru dominta ta ɓace a ƙarƙashin kaya.

Asalin abin ba shi da wannan hayaniya. Ana danganta jar tuffa mai ƙyalli, wadda alewarta ke fashewa kamar gilashi, ga wani mai sayar da alewa a birnin Newark na jihar New Jersey, William Kolb, wanda a 1908 ya tsoma tuffa a jar alewar kirfa ya ajiye a tagar shagonsa don jan hankalin masu wucewa. Mai laushin, ta karamel, daga baya ta zo. Kamfanin Affy Tapple na birnin Cikago ya fara sayar da ita a 1948, a shekarun 1950 kuma kamfanin Kraft ya yaɗa ta cikin gidaje, inda ake cewa wani ma'aikacinsa, Dan Walker, ya narkar da ragowar alewar Halloween ya tsoma tuffa a ciki. A 1960 Vito Raimondi, shi ma a Cikago, ya yi rajistar injin da ke yin aikin da kansa. A duk wannan tarihi kayan haɗin ba su wuce uku ba: tuffa, alewa, sai dakakkiyar gyaɗa ga mai so.

Hikimar tana cikin karon tsami da zaƙi. Shi ya sa masu gwaninta ke neman Granny Smith, koriyar tuffar nan mai tsami da ƙarfin jiki, wadda ta samo suna daga Maria Ann Smith, dattijuwar da tuffar ta tsiro a gonarta kusa da birnin Sidni na Ostireliya a 1868. Wasu kan zaɓi Honeycrisp, wadda Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, saboda garas-garas ɗinta. Idan haƙori ya ratsa siririn karamel mai danƙo ya tarar da tuffa mai sanyi da ruwa, tsamin ne ke wanke baki ya sa a so ƙari. Da zarar rufin ya fi tuffar kauri, wannan lissafi ya rushe.

Aikin kansa yana da ƙa'idojin da hoto ba ya nunawa. Tuffar kanti tana zuwa da kakin da aka shafa mata don ta yi sheƙi ta kuma daɗe, sau da yawa na ganyen wata bishiyar Birazil da ake kira karnauba, kuma karamel ba ya kama jikin kaki. Dole a tsoma ta a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, a goge ta da tsumma sosai, a bar ta ta bushe ƙarau, a sa ta a firji ta yi sanyi. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga alewar tana zamewa sannu a hankali har ta taru a gindin tuffar ta zama tafki a kan faranti.

Sai kuma tukunya. Ana haɗa sukari da bota da madara mai kauri da ruwan sukarin masara, wanda ke hana haɗin yin tsakuwa, a ɗora a wuta madaidaiciya ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Da farko farin kumfa ne ke tasowa da sauri, daga baya tafasar ta yi nauyi, ƙwayoyin kumfar su girma su riƙa fashewa a hankali, launin ya koma na ƙasa-ƙasa, ƙanshin toyayyar madara ya cika ɗakin girki. Matar da ta saba tuƙa alewar madara a Kano ko Damagaram za ta gane wannan lokaci da ido da hanci kawai. Ma'aunin zafi kan nuna kimanin digiri 118 zuwa 120. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi: in ya dunƙule ya zama ƙwallon da ke riƙe siffarsa amma yana lotsawa tsakanin yatsu, ya yi. In an sauke da wuri ya yi ruwa, in an wuce ya yi taurin da zai iya cire ciko daga haƙori. Bayan an sauke a bari ya ɗan huce, a karkata tukunyar, a juya tuffar a ciki sau ɗaya, a ɗaga ta sama ana murza tsinken har rarar ta gama ɗiga. Wannan sashe ba na yara ba ne, domin narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi kuma yana manne wa fata. Nasu aikin shi ne mirginawa a gyaɗa.

Akwai wani dalilin damuwa da ya fi ɗanɗano nauyi. A ƙarshen 2014 cutar listeriya ta ɓulla a Amurka ta hanyar tuffa mai karamel da aka shirya a masana'anta aka rarraba a kantuna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 35 a jihohi 12. An kwantar da 34 a asibiti, mutum 7 suka rasu, kuma 11 daga cikin waɗanda abin ya shafa masu juna biyu ne ko jarirai. Masana sun yi mamaki, don tuffa ta cika tsami, karamel kuma ba shi da isasshiyar laimar da ƙwayar cutar ke bukata. Kathleen Glass da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin suka gano bakin zaren a 2015: sukar tsinke na fitar da ɗan ruwan tuffa, ruwan ya maƙale tsakanin ɓawo da alewa, a nan ƙwayar ke samun wurin hayayyafa. A gwajinsu, tuffar da ke da tsinke aka bar ta a waje kwana 3 ƙwayoyinta sun ninka sau 1,000, wadda aka sa a firji kuwa ta yi kusan mako ba tare da sun ƙaru ba. A shekarar ne manyan kantunan Kroger suka janye irin wadda ba a sanyaya ba daga kan kantocinsu.

Wannan bincike bai keɓe ta gida ba. Tsinke tsinke ne ko a ina aka soka shi. Abin da ke kare mai yi a gida shi ne yana yin kaɗan, a cinye a ranar. Sabon salon kwalliya kuwa yana tura mutane ga akasin haka: a yi guda 30 tun ana saura kwana 4 biki, a naɗe a leda, a jera a kan tebur don baƙi su ɗauki hoto su tafi da ita gida a mota. Bidiyoyin da ke koyar da zizara cakulan ba kasafai suke ambaton firji ba, kuma wannan sakaci ne da ya kamata a faɗa musu.

Abin takaicin shi ne tuffar gida ta taɓa shan kaye bisa tsoron da aka zuzuta. A da maƙwabta kan miƙa wa yara ita a bakin ƙofa daren Halloween, har jita-jitar ana cusa reza a ciki ta bazu a ƙarshen shekarun 1960, jihar New Jersey ma ta kafa doka a kai a 1968. Masanin zamantakewa Joel Best ya bi rahotannin jaridu tun daga 1958, bai sami yaro ko ɗaya da alewar baƙo ta kashe a wannan dare ba. Duk da haka iyaye suka koma ga alewar kamfani mai hatimi. An guji haɗarin da kusan babu shi shekara da shekaru, ga shi yanzu ana wasa da wanda bincike ya tabbatar.

Ba duk sabon abu ne abin ƙi ba. Mata da yawa na samun kuɗin cefane da wannan sana'a a lokacin kaka, kuma mai saye ne ke neman ƙyalƙyali. Salon yanka tuffa gunduwa-gunduwa a ajiye kwanon karamel mai ɗumi a tsakiya kowa ya dangwala ya ma fi dacewa da ƙananan yara da tsofaffi masu raunin haƙori, ba tsinke a ciki, kuma tunda yankakkiyar tuffa na saurin canza launi, ba mai ajiye ta zuwa gobe. Wanda ya nace sai mai tsinke, ya nemi ƙanana masu tsami, ya yi daidai yawan mutanen gidan, tsomi ɗaya ya wadatar, abin da ya rage kuma ya shiga firji kafin a kwanta.