Sharhin Fim: Gadon da Ake Iya Yarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta ko Bichi ya san yadda gandu kan watse bayan rasuwar maigida. Da an share makoki sai a shiga rabon gona, a wayi gari wa da ƙane ba mai gaida wani. Da wannan ido na kalli The Darjeeling Limited, fim ɗin barkwanci da Wes Anderson, mutumin Amurka, ya fitar a 2007.

Labarin 'yan'uwa uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wato Francis da Peter da Jack, waɗanda rabonsu da juna shekara guda, tun jana'izar mahaifinsu. Babban wansu Francis, wanda ya sha da ƙyar a haɗarin babur, shi ya tara su cikin jirgin ƙasa a Indiya, wai don a gyara zumunci.

A nawa ganin, ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa. Alal misali, Francis ya karɓe fasfon ƙannensa, har abinci shi ke zaɓar musu, kai ka ce uban ne ya dawo. Peter kuwa ya maƙale wa tabaran marigayin, alhali ba don idonsa aka yi shi ba. Abin dariya ne, amma wanda ya taɓa ganin cacar baki a kan garmar uba ko rigarsa ta sallah ya san ba kayan ake wa kishi ba, kowa so yake a ce shi ne ɗan gaban goshi.

To amma akwai inda na ja da mai fim ɗin. Na farko, sai da wani yaron ƙauye ya mutu a kogi, suka halarci jana'izarsa, sannan zukatansu suka yi sanyi. Ashe sai ɗan talaka ya rasa rai kafin 'ya'yan masu kuɗi su shirya? Irrfan Khan, wanda ya fito a uban yaron, ba a ba shi ko filin da aka ba akwatunan marigayin ba.

Na biyu, a ƙarshe sun watsar da akwatunan nan a tasha don su cim ma jirgi, wai an sauke nauyin gado ke nan. Wannan maganin mai hali ne. Manomin Makoɗa ba ya iya yar da gadonsa, domin gona ce, kuma layin gamba kaɗai ya raba ta da ta ɗan'uwan da suke gaba. Kowace damina kafaɗa da kafaɗa za su yi noma. Sulhunsa ya fi wuya, ya kuma fi cancantar a yi masa fim.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu da masu shirya finafinai a Kano su dubi wannan fage. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tafiyar ba ta kai Indiya ba, daga wannan kunya ce zuwa waccan. Allah ya shirya tsakaninmu da 'yan'uwanmu, amin.