Da gaske an gano gidan tsoro a ƙwaƙwalwa?

Duk mai bibiyar labaran kimiyya a intanet ya taɓa cin karo da hoton nan: ƙwaƙwalwa toka-toka, da ɗan wuri ja kamar garwashi a ciki, a ƙasa an rubuta wai masana sun gano inda tsoro yake zaune. Wurin da ake nunawa kusan kullum amigdala ce, wato wasu 'yan curi biyu da ba su fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Binciken yana da tushe, amma kayan da ake ɗora masa sun fi ƙarfinsa.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. A 2007, Amit Etkin da Tor Wager sun tattara binciken da aka yi a kan masu fobiya, wato tsananin tsoron wani abu kamar maciji ko gizo-gizo, da masu fargabar shiga jama'a, da waɗanda wani bala'i ya bar su da firgici. A duk rukunin ukun, amigdala da wani sashe mai suna insula sun fi motsawa idan aka kwatanta da na masu lafiya. Wannan babbar amsa ce ga masu cewa raki ne kawai ko neman a kula.

To, amma me na'urar fMRI take aunawa? Jini take bi. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini mai ɗauke da oksijin yakan ƙaru a wurin bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Jan launin da kuke gani lissafi ne aka shafa a kan hoton daga baya, yawanci matsakaicin mutane da yawa. Kamar ka ga ana ta shiga wani gida da kulolin abinci ne. Ka san akwai taro, amma suna ne, biki ne, ko zaman makoki? Amigdala takan motsa don fuskar mai fara'a, da abinci idan ana jin yunwa, da abin da mutum bai saba gani ba. Tun 2006 Russell Poldrack ya yi gargaɗi a kan wannan kuskuren na ganin motsi a yanke cewa ga abin da mutum yake ji.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Jami'ar Iowa a Amurka, inda aka daɗe ana nazarin wata mata da ake kira S.M., wadda wata cuta ta gado ta lalata mata amigdala duka biyu. An kai ta wurin macizai, ta riƙa taɓa su ko a jikinta. Sai dai a wani bincike da ya fito a 2013, an shaƙa mata iska mai kashi 35 cikin 100 na kabon dayoksaid, ita da wasu mutum biyu masu irin cutar. Dukansu uku sun firgita ƙwarai. Idan a amigdala tsoro yake zaune, daga ina nasu ya fito? Joseph LeDoux, wanda bincikensa a kan ɓeraye ya taimaka wajen fito da sunan amigdala, shi ma yanzu cewa yake aikinta hango haɗari da zaburar da jiki, jin tsoron kansa kuwa aikin sassa da yawa ne.

Akwai kuma matsalar lissafi. A 2009, Craig Bennett da abokansa sun saka mataccen kifin salmon a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, kuma "motsi" ya bayyana a ƙwaƙwalwarsa. Da gangan suka yi, don su nuna cewa idan ka gwada dubban wurare ba tare da tace lissafin ba, dole wani ya haska bisa katari. A 2022 kuma, Scott Marek da abokansa suka nuna a mujallar Nature cewa haɗa bambancin ƙwaƙwalwa da halayyar mutane yana buƙatar dubban mahalarta, alhali yawancin binciken da aka saba yi bai wuce mutum 25 ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda mara lafiya. Har yau likita ba ya gano fobiya ko ciwon fargaba da hoton ƙwaƙwalwa, hira yake yi da mutum ya ji yadda abin ya hana shi sakat. Maganin da ya fi aiki ga fobiya shi ne a kusantar da mutum ga abin tsoron sannu a hankali har jikinsa ya saba, kuma tun 1989 Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya nuna ana iya yin haka a zama ɗaya na kusan awa uku. Wanda aka nuna wa jan tabo aka ce ga lahaninka zai iya ɗauka abin ba ya gyaruwa, ya haƙura da neman taimako.

Saboda haka, idan irin hoton ya sake biyo ta wayarku, ku tambaya: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, kuma wani ya maimaita binciken ya samu abu ɗaya?