3 Idiots: Wa Aka Ba Zaɓi?

Fim ɗin Indiya 3 Idiots, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni a 2009, ya taɓo abin da yawancinmu masu karatu a ƙasashen waje muka sani: uba ya zaɓa wa ɗa sana'a tun yana zanen goyo. Ranar da aka haifi Farhan mahaifinsa ya ce injiniya zai zama, shi kuwa ya taso ba abin da ke ransa sai ɗaukar hoton namun daji. Fim ɗin ya kyauta da bai mai da uban azzalumi ba. Mutum ne da ya hana kansa, ya sa na'urar sanyi a ɗakin ɗansa kaɗai.

Sai dai an sauƙaƙa lamarin. Zama ɗaya suka yi uban ya sauko, har ya ce a mayar da kwamfuta a sayo kyamara. A gida nawa ake haka? Rancho ma, don a nuna gaskiyarsa, sai da aka mai da shi masanin kimiyyar da kamfanoni ke rububi, wato ma'aunin iyayen dai aka koma wa. Raju kuwa, mai uba a kwance da 'yar'uwa ba aure, har fim ya ƙare ba wanda ya tambaye shi abin da yake so.