Gem a Hannun Budurwa, Tablet a Hannun Goyo

'Yan uwana mata, ran nan ina layin awo a wani asibiti sai ga wata budurwa ta zaro ɗan gem ɗinta na hannu, tana latsawa shiru abinta. Nan take mata suka hau zunɗe: "Ji gandamemiya da wasan yara!" Alhali a gefenmu wata ta miƙa wa ɗanta tablet, yaron da ko yaye shi ba a yi ba, ƙarar katun ta cika ɗakin, amma ba wadda ta ce uffan. Ni ma ban tanka ba, don haka nake yi wa nawa in mun je gidan biki. Laifi tudu ne.

To wai wanne ne abin kunyar? Tun da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy a 1989, ba yara kaɗai suka riƙe shi ba. Wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a 1984, manya ma sun buga shi har sun gaji. Gem kuwa yana da iyaka: in an cinye ki wasa ya tsaya, ke za ki zaɓa ki sake ko ki ajiye.

Ita tablet, da ta yaɗu bayan fitowar iPad a 2010, kallonta ba ya ƙarewa. Wannan bidiyo na gamawa wani ya hau. Don babba ke karatu da aiki da ita, sai muke mata kallon mutunci, muka mai da ita 'yar raino. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo; daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Budurwar nan da hankalinta take wasa, ana kiran lambarta ta kashe ta miƙe. Yaron kuwa da aka karɓe tablet ɗin, birgima ya dinga yi a ƙasa. Sai na ga ɗana a jikinsa, gabana ya faɗi.

Tun daga ranar, in za mu unguwa tablet a gida take kwana. Yana rigima, ina lallashi, amma yanzu yakan ɗago kai ya gaida mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.