Malamin da Ya Iya Fita da Aji Waje

A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, bakin hanyar Abuja zuwa Lokoja, nan hedikwatar NERDC take, hukumar da aka kafa a 1988 mai tsara manhajar makarantun ƙasar nan. Kusa da ita ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, ga cibiyar kimiyya ta SHESTCO. Amma manhaja takarda ce, sai ta samu malamin da zai kwashi cikakken aji ya fita da shi fili, a dawo an ƙaru. Irin wannan malami yana burge ni ƙwarai.

Gwanin yakan fara aikin tun ana gobe fita. Ya zaga wurin shi kaɗai, ya ga inda inuwa take, inda rami yake, da ciyawar da maciji zai iya laɓewa. Ranar darasi ya raba yara rukuni-rukuni, ya ba su tambaya guda tak: nawa ne tsawon bishiyar ɗorawar can, ba tare da kowa ya hau ba? Su kafa sanda mai mita 1, inuwarta ta kai mita 2. Su auna inuwar bishiya, mita 20. Daga nan sai ya kame bakinsa, kuma wannan shi ne mafi wuyar aikin, domin amsar tana kan harshensa. Yana nan tsaye har wata yarinya ta ce, "Malam, ashe rabi ne, mita 10!" Idan wani rukuni ya samu 9, wani 11, ba ya saurin cewa an yi kuskure, yakan tura su su duba ko daga gindin bishiyar suka fara awo.

Darasin ƙasa ma haka. A zuba ƙasa da ruwa a gora, a girgiza, a ajiye: yashi ya riga kwantawa, yumɓu ya zo ƙarshe. A yankin da ya haifi Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20, malami mai basira zai gayyato wata dattijuwar Gbagyi ta nuna wa yara yadda take gane yumɓu mai kyau da yatsunta.

Koyon irin wannan koyarwa ake yi. Shirin SMASE, da aka soma a Nijeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, yana horar da malaman lissafi da kimiyya su bar yara su taɓa, su gwada, da kayan da ke kusa. Malami ya gabatar da darasi gaban 'yan'uwansa, su yi masa gyara, ya sake. A ganina duk bitar da za a shirya kan wannan fanni, rabinta a tsakar rana ya kamata a yi ta, kowane malami da sandarsa da igiyar awo a hannu.