Mai Kiɗan Sha'awa a Ma'aunin Nazarin Waƙar Baka: Duba daga Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba karkasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza da sauransu. Wannan rabo shi ne ɗalibi yake tararwa a ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau, kuma tun 1971 David Ames da Anthony King sun ba da ƙarfi ga makaɗin da kiɗa ne abincinsa a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa, wanda suka tattaro a ƙasashen Zazzau da Katsina. Idan aka lura, tambaya guda ce take ɗauke da rabon: wa ake yi wa kiɗan, kuma wa yake biya? Saboda haka mutumin da ya ɗauki gurmi bayan la'asar don shi da abokansa, ba ya jiran liƙin kowa, bai sami gurbi ba. Wannan gibi ya fi fitowa fili idan aka auna shi da abin da ya faru ga wani abin kiɗa na Turai, wato mandolin.

2.0 Ƙungiyoyin Mandolin

Mandolin ɗan ƙaramin abin kiɗa ne na Italiya mai tsirkiya takwas, biyu-biyu. (Kada ɗalibi ya rikita shi da mandirin 'yan Ƙadiriyya, sunan ne kawai ya yi kama.) A 1880 wasu makaɗan Sifaniya suka sauka birnin Niyok da wani abin kiɗa ɗan'uwansa, 'yan Italiya mazauna can suka kwaikwaye su da mandolin, abin ya zama yayi. Ma'aikatan ofis da 'yan masana'anta da ɗalibai suka riƙa kafa ƙungiyoyi, suna haɗuwa bayan an tashi aiki. Ƙungiyar birnin Milwoki, da aka kafa a 1900, har yau tana nan. Kamfanin Gibson, wanda aka kafa a 1902, ya ƙera mandolin ƙarami da matsakaici da babba, ya kuma sa malaman kiɗa su zama dillalansa, su tara ɗalibai su sayar musu. Ke nan abubuwa biyu suka ba mutum talatin damar kaɗawa tare: kayan da aka ƙera kan awo ɗaya, da kiɗan da aka rubuta a takarda.

3.0 Buokrom

Buokrom unguwa ce a Kumasi, kusa da filin jirgin sama, cikin unguwannin da mutanen zango suka bazu bayan tsohon Zango ya cika. Kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a littafinta na 1978 kan zangon Kumasi, jama'ar irin waɗannan unguwanni tarin ƙabilu ne, Hausawa da Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da sauransu, waɗanda Hausa da Musulunci suka haɗa. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma a manne yake da roƙo, shi ya sa ɗan attajiri ko ɗan malam ba zai rungumi garaya a bainar jama'a ba. A zango kuwa igiyar gado ta yi sako-sako, domin jikan fatake 'yan goro ya tashi tare da Bafarafare mai kologo, wanda molo ne mai tsirkiya biyu, ɗan'uwan garaya. Wannan kologo ne King Ayisoba ya shigar gidajen rediyon Gana a 2006.

To, me ya sa duk da haka ba a san ƙungiyar 'yan gurmi ashirin ba, a Kumasi ko a Kano? Amsa mai sauƙi ita ce a ce addini da kunya ne suka hana. Wannan amsa ba ta isa ba. Gurmi da garaya da kuntigi ba su da awo tsayayye. Sau da yawa makaɗin ne yake haɗa nasa, ya ɗaure tsirkiya daidai da muryarsa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, mai tsirkiya guda, bakin Ɗanmaraya yake bi, yana hawa da sauka tare da karin sautin kalmomi. Idan aka jera goma irinsa, kowanne da muryar maigidansa, sai dai a sami hayaniya. Abin kiɗa mai tsirkiya a wajen Bahaushe abokin maganar mutum ɗaya ne.

Kiɗan tarayya na masu sha'awa yana nan, amma a wani wuri yake zaune. Yana cikin amshi da tafi da ƙwarya. A bikin aure ko suna a zango, ƙungiyar mata da suka yi anko sukan kewaye, guda ta ba da waƙa, saura su karɓa, kuma cikinsu akwai mai tuwo da mai sayar da atamfa, babu wadda za ta yarda a kira ta zabiya. Waɗannan su ne takwarorin ma'aikatan ofis na Milwoki. A yi wa Ames da King adalci: sun ambaci shantu da ƙwarya. Sai dai ambaton kayan kiɗa daban, nazarin taron da yake riƙe da su daban, kuma tsarin nazari da yake farawa da tarihin makaɗi da ubangidansa da yaransa ba shi da inda zai kama waƙar da ba ta da mai ita.

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne manyan lasifikoki na haya sun mamaye filin biki a unguwannin Kumasi. Makaɗin sana'a ya bar kaset a baya, ana iya komawa gare shi. Matan da suke amshi a tsakar gida ba kasafai ake naɗar muryarsu ba, kuma ɗalibin da ya je Buokrom da takardar tambayoyi mai farawa da "sunan makaɗi" zai dawo ya ce bai sami kowa ba.